Yadda Sabon Mai Neman Aiki Zai Shiga Sana'ar Rubutun Talla

Wanda ya kammala karatu yake neman aiki ya saba da tsari guda: ya rubuta takardar neman aiki, ya haɗa da takardun shaidar karatunsa, ya aika, sannan ya zauna jiran kira. A sana'ar rubutun talla wannan tsari ba ya kai mutum nesa, domin mai ɗaukar marubuci bai cika damuwa da makarantar da aka yi ko darajar digiri ba. Abin da yake son gani shi ne tallace-tallacen da mai neman aikin ya riga ya rubuta da hannunsa. A nan ne sabon shiga yakan tsaya cak, yana tambayar yadda zai nuna aikin da ya yi alhali ba wanda ya taɓa ba shi aiki. Amsar ita ce shi zai ba kansa aikin, ya yi shi da kyau kamar ana biyansa, ya tara shi wuri guda, sannan ya ɗauka ya kai wa masu ɗauka su gani. Duk abin da zan faɗa a gaba a kan wannan ya rataya.

Abin da marubucin talla yake yi

Kalmomin da ke kan allon talla a bakin titi, da maganar da ake ji a tallan rediyo, da labarin da ke cikin tallan talabijin, da saƙon imel da kamfani ke aika wa masu sayen kayansa, da bayanin da ke jikin kwalin haja, har da 'yan kalmomin da ke kan maɓallin da ake dannawa a shafin intanet, duk wani ne ya zauna ya rubuta su. Amma rubutun shi ne mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an samo dabarar da tallan zai tsaya a kanta, wato abu guda da za a gaya wa mai saye wanda zai sa ya tsaya ya saurara, kuma neman wannan dabara shi ne mafi yawan aikin.

Mutane da dama suna shigowa da tunanin cewa tun da sun iya sarrafa harshe, suna waƙa ko rubuta labari, to sun riga sun mallaki sana'ar. Iya harshe jari ne babba, ba na musun haka, sai dai manufar talla dabam take. A farkon ƙarni na 20 wani marubuci mai suna John E. Kennedy ya gaya wa Albert Lasker na kamfanin Lord & Thomas da ke Shikago cewa talla ba kome ba ne illa aikin ɗan kasuwa mai sayar da haja, amma a rubuce. Fiye da shekara 100 ke nan, kuma kafofin sun sauya ƙwarai, amma ma'aunin bai sauya ba: jimlar da ta burge mai karatu amma ba ta motsa shi ya yi kome ba, ba ta yi aikinta ba.

Ya kamata ka san yadda aiki ke tafiya a cikin kamfanin talla tun kafin ka shiga. Mai haja yakan zo da matsalarsa, misali kayansa ba sa tafiya ko yana da sabon abu da ba a san shi ba. Masu kula da hulɗa da shi su karɓi bayanin, masu tsara dabaru su yi bincike su fitar da takardar buƙata, wadda ke bayyana wa za a yi wa magana, me ake so ya yi, da abu guda da ake so ya riƙe. Wannan takarda ita ake miƙa wa marubuci da abokin aikinsa mai tsara hoto, su biyun su kulle kansu su fito da dabaru, daraktan ƙirƙira, wato shugabansu, ya duba ya zubar da mafi yawansu, abin da ya tsira a kai wa mai haja. Haɗa marubuci da mai tsara hoto su yi tunani tare tun daga farko ya samo asali ne daga Bill Bernbach, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Doyle Dane Bernbach a Niyok a 1949. Kafin wannan, marubuci yakan gama rubutunsa ne a tura wa sashen zane su ƙawata. Daga sabon tsarin ne tallan motar Volkswagen na 1959 ya fito, wanda Julian Koenig ya rubuta, Helmut Krone ya tsara: 'yar ƙaramar mota a kusurwar shafi, sauran shafin kusan fari fat, da kalmomi biyu masu kiran mai karatu ya yi tunanin ƙaramin abu, a lokacin da Amurkawa ke gasar manyan motoci. Idan aka raba hoton da kalmomin, kowannensu ba ya cewa kome. Wannan shi ya sa marubucin da ba ya tunani da hoto yake shan wahala a sana'ar har yau.

Koyon sana'ar kafin a ɗauke ka

Ka fara da tara tallace-tallace. Duk wanda ya tsayar da kai, ka ɗauki hotonsa ka ajiye, sannan ka rubuta a ƙarƙashinsa wa ake yi wa magana, me aka yi masa alkawari, kuma me ya sa ka tsaya. Wanda ya ba ka haushi ma ka ajiye shi, ka sake rubuta shi yadda kake ganin ya dace. Kamfanin Meta yana da rumbun talla a buɗe ga kowa, inda za ka rubuta sunan kamfani ka ga tallace-tallacen da yake gudanarwa a Facebook da Instagram a halin yanzu, kuma idan ka lura za ka ga kamfani guda yana gwada kanu iri-iri a kan haja ɗaya. Shafukan gasar talla irin su D&AD ta Landan da One Show ta Niyok da bikin Cannes Lions na Faransa suna nuna ayyukan da suka ci kyauta. Ka kalle su don ka san inda ma'auni ya kai, amma kada ka manta cewa yawancin aikin yau da kullum ba irin na gasa ba ne.

Abu na biyu shi ne bincike, kuma a ganina shi ne ya fi raba ƙwararre da mai koyo. Lokacin da David Ogilvy ya karɓi aikin tallata motar Rolls-Royce, ya shafe makonni uku yana karanta bayanan motar kafin ya rubuta kome. A cikin karatun ne ya ci karo da maganar wani editan mujallar motoci, wadda ta zama kan tallan da ya fito a 1958, cewa idan motar tana gudun mil 60 a awa ɗaya, ƙarar da ta fi kowace ƙarfi a cikinta ita ce ta agogon lantarki. Bai ce motar ba ta da ƙara ba, bai ce ta fi kowace kyau ba, sai ya kawo hujja guda da mai karatu zai iya ji a kunnensa. Irin wannan jimla ba ta zuwa wa wanda ya zauna yana jiran ilhama. A yau bincike ya fi sauƙi, domin masu saye suna rubuta ra'ayoyinsu a ƙarƙashin kowace haja a shagunan intanet, kuma a cikin ƙorafe-ƙorafensu da yabonsu za ka sami ainihin kalmomin da suke amfani da su, waɗanda sau da yawa sun fi na kamfanin rai.

Sai kuma sabawa da ƙuntataccen fili. A tallan da ke fitowa a sakamakon binciken Google, kan talla ba ya wuce harafi 30, bayanin da ke ƙarƙashinsa kuma ba ya wuce 90. A YouTube mai kallo yana iya tsallake yawancin tallace-tallace bayan daƙiƙa 5, akwai kuma gajeru masu daƙiƙa 6 kacal. Allon bakin titi mai tuƙi ne zai karanta shi yana wucewa. Tallan rediyo na daƙiƙa 30 sai ka karanta shi da babbar murya, agogo na hannunka, sannan za ka gane cewa rabin abin da ka rubuta ba shi da wurin zama. Ka riƙa ɗaukar dabara guda kana zuba ta a kowane ɗayan waɗannan ma'aunai har hannunka ya saba da yankewa.

Gina kundin ayyuka

Kundin ayyuka shi ne tarin tallace-tallacen da za ka nuna, kuma ga sabon shiga mafi yawansu na gwaji ne, wato waɗanda ya ƙirƙira wa kamfanonin da ba su sa shi ba. Wannan abu ne sananne a sana'ar, ba wanda zai ɗauke shi yaudara matuƙar ka rubuta a fili cewa aikin gwaji ne. Kamar kafinta ne da ke neman a ba shi aikin ƙofa: ƙofar da ya taɓa yi ita za a duba, a buɗe ta a rufe a ga ko tana kamawa.

Zaɓen hajar da za ka tallata yana da muhimmanci. Sababbin shiga sukan ruga wurin manyan sunaye irin su Nike ko Apple, alhali waɗannan kamfanoni sun riga sun mallaki tallace-tallacen da duniya ta haddace. Taken Nike mai kalmomi uku, wato "Just Do It", Dan Wieden ne ya rubuta shi a 1988, kuma duk abin da ka yi musu da shi za a auna. Ka zaɓi abin da ba wanda yake zumuɗin tallatawa, kamar kwaɗon ƙofa, ko inshorar mota, ko man goge takalmi, ko manhajar lissafin kuɗin shiga da fita. Wanda ya sa mutum ya tsaya ya karanta tallan kwaɗo ya nuna abin da daraktan ƙirƙira ke nema.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce ka zaɓi ƙaramin batirin nan da ake ajiye caji a cikinsa don a cika waya a kan hanya. Ka fara rubuta wa kanka takardar buƙata mai layi huɗu: wa kake yi wa magana, me ke damunsa, me hajar ke yi masa, me kake so ya aikata. Kanun da za su fara zuwa maka su ne irin "Inganci da ƙarfi a tafin hannunka" da "Abokin tafiyarka na kullum". Ka rubuta su don su fita daga kanka, amma ka sani kowane kamfani zai iya manna sunansa a kansu, kuma wannan ita ce alamar cewa ba su da amfani. Daga nan ka je ka karanta abin da masu saye suka rubuta. Za ka lura ba su cika maganar girman batirin ba, labarin da suke bayarwa na lokacin da waya ta kusa mutuwa ne alhali tikitin tafiya, ko adireshin inda za su, ko lambar wanda zai tarye su, duk suna cikinta. Ashe abin da ake saye shi ne kuɓuta daga wannan faɗuwar gaba. Yanzu kana da abin faɗa. Allon da za a kafa a tashar jirgi zai iya ɗaukar hoton fuskar waya da jan layin batiri, a ƙarƙashinsa a rubuta "Saura kashi 3, kuma tikitinka yana ciki." A rediyo za a ji mutum yana karanta wa wani kwatancen gida, ya kai ga "idan ka zo mahaɗa ta biyu sai ka juya", layi ya yanke, a yi shiru na daƙiƙa biyu kafin a ambaci sunan hajar. A Google, inda mai neman ya riga ya san abin da yake so, ba ka buƙatar wasan kwaikwayo, "Caji uku a aljihunka" ya wadatar, muddin batirin yana cika waya sau uku da gaske. Dabara guda ce ta fito a kafa uku, kowace da muryar da ta dace da ita, kuma wannan shi ake kira kamfe. Kamfe guda irin wannan ya fi tallace-tallace goma da ba abin da ya haɗa su.

Kafin ka kai ga layin da zai zauna, ka sa rai za ka rubuta gommai ka zubar. Na farko-farkon su ne waɗanda kowa zai iya tunaninsu, masu kyau sukan zo ne bayan ka gaji kana ganin babu sauran abin faɗa.

Kamfe biyar ko shida masu ƙarfi sun isa. Ka bambanta su, wani mai ban dariya, wani mai nauyi, wani mai dogon rubutu da zai nuna ka iya riƙe mai karatu har sakin layi uku ko huɗu, domin da yawa sun iya gajeren take amma dogon bayani yana tona musu asiri. Ka sa mafi kyau a farko, saboda mai dubawa ba lallai ya kai ƙarshe ba, kuma duk aikin da kake kokwanto a kansa ka cire shi, domin da mafi raunin aikinka za a yi maka hukunci. Idan kana rubutu da harsuna biyu, ka nuna duka, amma ka rubuta kowane talla daga tushe a harshensa. Kamfanoni suna fama da tallan da aka fassara ya fito a sandare, kuma marubucin da zai iya yin tunani kai tsaye da harshen masu saye yana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Ka nemi abokin aiki mai koyon zane wanda shi ma yake gina nasa kundin, ku yi aikin tare, kowa ya sa a nasa, a rubuta wanda ya yi mene. A wasu ƙasashe, musamman Birtaniya, an saba ɗaukar marubuci da mai tsara hoto tare a matsayin tawaga guda. Kundin ya kasance a shafin intanet mai sauƙi wanda ke buɗewa da sauri a waya, da sunanka da hanyar samunka a fili, da taƙaitaccen bayani a kan kowane aiki wanda bai wuce layi biyu ba. Kuskuren rubutu ko guda ɗaya a kundin marubuci yana iya rufe masa ƙofa, saboda haka ka ba wani ya karanta maka kafin ka aika.

Aikin gwaji yana da iyaka, domin ba mai haja da zai ce bai yarda ba. Saboda haka ka nemi ƙaramin kamfani ko ƙungiyar agaji da ke buƙatar rubutu, ka yi musu aiki na gaske, ka nemi izininsu ka nuna shi, kuma ka rubuta abin da ya biyo baya idan ana iya aunawa, kamar yawan waɗanda suka danna ko suka yi rajista. Akwai kuma gasannin masu tasowa, irin su New Blood ta D&AD da Young Ones ta ƙungiyar One Club, waɗanda ke fitar da takardun buƙata daga kamfanoni na gaske kowace shekara. Ko ba ka shiga gasar ba, yin aiki a kan irin waɗannan takardu horo ne mai kyau.

Game da makaranta, akwai waɗanda aka kafa musamman don gina kundi, kamar Miami Ad School da Brandcenter ta jami'ar VCU a Amurka, kuma amfaninsu shi ne malamai masu aiki a sana'ar da abokan karatu da za su zama abokan aiki. Suna da tsada, kuma ba sharaɗi ba ne. Ogilvy kansa ya bar Oxford ba tare da digiri ba, ya yi aikin dafa abinci a wani otal a Faris, ya bi gida-gida yana sayar da murhun girki a Sikotilan, ya yi aikin binciken ra'ayin jama'a tare da George Gallup, kafin ya buɗe kamfaninsa a Niyok a 1948. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai saye yana ƙoƙarin shawo kansa ya riga ya fara karatun wannan sana'a, kuma bai kamata ya ɓoye wannan a takardar tarihin aikinsa ba.

Ƙwanƙwasa ƙofa

Wuraren aiki iri uku ne a taƙaice. Akwai kamfanonin talla, daga manyan da ke ƙarƙashin rukunoni irin su WPP da Omnicom da Publicis da Dentsu har zuwa ƙanana masu zaman kansu. Akwai sashen talla na cikin gida a bankuna da kamfanonin sadarwa da na fasaha, inda za ka yi wa haja guda rubutu kullum. Akwai kuma aikin kai, inda kake karɓar kwangila daga mutane dabam-dabam. Shawarata ga mai farawa ita ce ya fifita wurin da akwai babban marubuci da zai riƙa karanta aikinsa yana yi masa gyara, ko da albashin bai kai na wani wurin ba. Wanda ya fara da aikin kai tun ranar farko yakan daɗe yana maimaita kurakuran da ba wanda ya nuna masa.

Ka riƙa amsa sanarwar guraben aiki, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Idan wani talla ya burge ka, ka binciko kamfanin da ya yi shi da sunayen waɗanda suka yi aikin, domin mujallun sana'ar da shafukan gasa sukan jera su, kuma yawancinsu suna LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata. Ka rubuta wa daraktan ƙirƙira ko babban marubuci gajeren saƙo, ka ambaci aikinsa da ka gani da abin da ya burge ka a ciki, ka ce kai mai koyo ne, ka roƙi minti 15 ya duba kundinka ya gaya maka gaskiya. Neman shawara ya fi neman aiki saurin samun amsa, domin wanda ba shi da gurbi a yau ba abin da zai ce wa mai neman aiki, amma yana da abin da zai ce wa mai neman gyara. Saƙon kansa talla ne, kuma shi ne rubutunka na farko da zai karanta. Da yawa ba za su amsa ba. Ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda ko biyu, sannan ka wuce gaba.

Idan aka ba ka lokaci, ga abin da za ka tarar. Zai riƙa wuce shafukan da sauri fiye da yadda kake so, aikin da ka kwana a kansa ya ba shi daƙiƙa kaɗan, ya tsaya a kan wanda ba ka ɗauka da muhimmanci ba. Za ka ji kamar ka tsayar da shi ka yi bayani. Ka daure ka yi shiru, domin a bakin titi ba za ka tsaya kusa da allo kana yi wa masu wucewa sharhi ba, kuma idan bai gane ba, tallan ne bai fita ba. Ka riƙe biro ka rubuta abin da ya ce, ka tambaye shi wanne zai cire da wanne zai bari, sannan ka tambaye shi ko akwai wani da yake ganin ya kamata ka nuna wa. Ra'ayoyi za su saɓa, wani ya yabi abin da wani ya kushe, amma idan mutum uku suka tsaya a kan aibi guda to aibin yana nan. Abin da ya fi kome tasiri shi ne ka koma wurinsa bayan 'yan makonni da gyaran da ya ce a yi da sabon aiki a kai. Kaɗan ne suke komawa, kuma su ake tunawa ranar da gurbi ya samu.

Sau da yawa hanyar shiga ita ce zaman sanin makamar aiki na 'yan watanni. Ka tambayi tsawonsa, da ko ana biya, da ko waɗanda suka gabace ka an ɗauke su. Wasu kamfanoni kuma sukan ba da jarrabawar rubutu, su ba ka takardar buƙata su ce ka kawo kanu ko gajeren kamfe cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a sa ka yi cikakken aikin da za a sayar wa mai haja da sunan jarrabawa ba tare da biya ba, kuma kana da damar tambayar abin da za a yi da rubutunka.

Ba zai yiwu a yi wannan bayani a tsallake batun manhajojin da ke rubutu da kansu ba. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon marubuci, kamar sauya kan talla guda zuwa iri ashirin ko rubuta bayanin kaya, na'ura tana yin su cikin daƙiƙoƙi. Wannan ya ƙuntata ƙofar shiga, kuma ba alheri ba ne a ɓoye wa mai neman aiki haka. Ka koyi amfani da waɗannan manhajoji, domin za a tambaye ka, amma kada ka cika kundinka da abin da suka rubuta. Abin da suke fitarwa da farko irin kanun nan ne da kowa zai iya manna sunansa a kai, kuma mai dubawa ya ga dubunsu. Abin da ake biyan mutum dominsa shi ne ya gano damuwar mai saye, ya zaɓi layi guda cikin hamsin, ya kuma iya kare zaɓinsa a gaban mai haja.

Sai batun gaskiya, wanda nake ganin ya kamata mai koyo ya riƙe tun kafin ya karɓi albashin farko. Ƙasashe da yawa suna da hukumomin da ke sa ido a kan talla, kamar ASA a Birtaniya da FTC a Amurka, kuma iƙirarin da ba hujja yana iya sa a janye talla ko a hukunta kamfani, musamman a harkar magani da kuɗi da kayan yara. Ka san dokokin inda kake aiki. Ban da doka ma, gaskiya tana sayar da kaya. A 1962 kamfanin hayar motoci na Avis ya fito fili ya amsa cewa shi ne na biyu a bayan Hertz, ya ce saboda haka ne yake ƙara ƙoƙari, kuma wannan take da Paula Green ta rubuta ya zauna tare da kamfanin shekaru da dama. Idan kuma akwai hajar da zuciyarka ba za ta yarda ka tallata ba, ka duba jerin masu hulɗa da kamfanin kafin ka nemi aiki a wurinsu, ka kuma faɗi matsayinka tun a ganawar farko.

Ranar da aka yi maka tayi, kada murna ta hana ka tambaya. Ka nemi sanin wanda zai riƙa duba aikinka, da hajojin da za ka yi wa rubutu, da tsawon lokacin gwaji, da yadda ake yi da aikin dare da na ƙarshen mako, domin sana'a ce da wa'adi ke matsa wa mutane lamba. Ka karanta abin da yarjejeniyar ta ce game da mallakar rubutu, saboda a bisa al'ada abin da ka rubuta a bakin aiki na kamfani ne ko na mai haja, kuma aikin da bai fito ba tukuna sirri ne da ba a nunawa a waje. Ka tambaya a rubuce ko za ka iya sa ayyukan da suka riga suka fito a shafinka, ka kuma ajiye amsar da aka ba ka.